Mai Gadin Da Muke Biya Da Jifa

Ranar wata Asabar cikin Afrilu na kwana a gidan kawuna a Daura, can bakin gari ta hanyar Zango. Da muka dawo daga masallaci da asuba sai muka baje tabarma a ƙofar gida, a gindin bedi, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya, muna jiran a kawo koko da ƙosai. Karen gidan yana kwance nesa kaɗan da mu. Ya ɗora haɓa bisa ƙafafunsa na gaba, ido ɗaya a rufe, ɗaya yana leƙenmu, irin barcin wanda ya kwana a tsaye. Can sai ga yara uku sun ɓullo, kowa da allonsa a hammata. Karen bai ko ɗaga kai ba, balle ya yi haushi. Na tsakiyarsu ya sunkuya ya ɗauki hoge, ya auna, ya sakar masa a haƙarƙari. Kare ya yi ƙara ya miƙe, ya zagaya bayan amalanke yana waiwaye.

Kawu ya ajiye carbi ya ce, "Kai ɗan nan, zo. Me ya yi maka?"

Yaro ya matso yana susar ƙeya. "Ba komai, Baba."

"To don me ka jefe shi?"

Ya dubi Kawu da mamaki, kamar an tambaye shi abin da ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Ya ce, "Ai kare ne."

Amsar nan ce ta hana ni sakat har yau. Yaron ba mugu ba ne, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a bakinmu ya tsince ta. Ni kaina da nake wannan rubutu na jefi karnukan da ban san adadinsu ba ina yaro, kuma ban tuna ranar da wani babba ya kira ni ya tambaye ni dalili ba. In ka jefi akuyar maƙwabci za ka sha bulala, in ka jefi kazarsa za a kawo ƙararka gida. Kare kaɗai ne dabbar da muka halasta wa yara su gwada saitin hannu a jikinta. Ga shi kuwa shi ne ke kwana ido biyu don akuyar da kazar su kai safe.

1. Sunan da ya zama amsa

Shekara shida ke nan da Kawu ya kawo shi. A damina ɗaya aka haura masa katanga sau biyu. Da farko aka kwance awaki biyu, daga baya aka ɗauke ragon da ya turke don layya, saura mako uku Sallah. Sai ya je rugar wani abokinsa Bafulatani ya dawo da ɗan kwikwiyo cikin kwali a bayan babur. Unguwa ta ɗauka. Wani dattijo da suke sahu ɗaya a masallaci ya riƙa tare shi kullum: "Haba Malam, kai da girmanka, kare a gida?" Kawu ba mai dogon zance ba ne. Bai yi musu da kowa ba, sai dai ya raɗa wa kwikwiyon suna Ba-ruwanka. Tun daga ranar, duk sa'ad da ya leƙo waje ya ɗaga murya ya kira karensa, mai tambaya ya sami amsarsa.

Ja ne, irin jan tukunyar ƙasa, da fari a ƙirji da bakin wutsiya. Kunne ɗaya a tsaye, ɗayan ya karye ya faɗo, shi ya sa kullum fuskarsa kamar ta mai neman ƙarin bayani. Karen gida ne na asali, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda kakanninsa suka saba da zafin ƙasar nan da kaskarta.

Wanda bai zauna da kare ba yana zaton duk ɗaya suke, kamar yadda baƙo ke ganin tumakin garke. Ba haka ba ne. Ba-ruwanka yana da halinsa, har da son zuciyarsa. A cikin baburan da ke bin hanyar nan daga safe zuwa dare, ƙarar na Kawu kaɗai ke tayar da shi, kuma yakan miƙe ya kama kaɗa wutsiya tun kafin kunnen mutum ya jiyo komai. Inna, matar Kawu, da shi take gane lokacin ɗora ruwan shayi. Almajiran da ke zuwa bara bai taɓa yi musu haushi ba, sai ma ya rako su har bakin soro ya zauna, don ya lura in an zuba musu akan sami abin da ya faɗi. Amma 'yan gwangwan masu tura baro, waɗannan ya ɗaura gaba da su, ba sulhu. Tun daga kan kwana yake tare su har sai sun fice daga layin, sannan ya dawo yana taƙama kamar wanda ya kori rundunar yaƙi.

Jarumin nan kuwa toron agwagwa yake tsoro. Na gani da idona, toron ya taho yana huci ya kore shi daga kan kaskonsa, ya koma gefe ya zauna yana duban Kawu, yana neman a shiga tsakani. Tsawa ma haka. Ranar hawan Sallah ko Sallar Gani kuwa, da 'yan bindiga sun fara sakin albarushi daga wajen fada, Ba-ruwanka ya shige ƙarƙashin amalanke ke nan, ba mai sake ganinsa sai magariba.

Labarinsa da Inna ya fi ba ni dariya. Ita ba ta so a kawo shi ba. A makonsa na farko ya kutsa tsakar gida ya tura hanci cikin ƙwarya, ta biyo shi da muciya har dokin ƙofar soro, ta buga ta a ƙasa ta ce, "Nan ne iyakarka." Sau ɗaya ta faɗa. Yau shekara shida bai tsallake wurin ba, ko da ana suyar naman layya ƙamshi ya cika gida. Sai dai ya kwanta ya miƙe ƙafafu, faratansa daidai kan iyakar, yana haɗiyar miyau. Har gobe Inna ba ta kiran sunansa, "wannan abin" take ce masa. Amma ita ce mai jiƙa masa ƙanzo, kuma na taɓa kama ta tana zuba masa miya a kai. Da ta ga na gani sai ta ce, "In ba miya ba ya ci, sai ya bar mini ƙudaje su taru." Gaskiya ta faɗa, gayan tuwo sai ya sansana ya ɗago ya dube ka, kamar ka ci masa mutunci.

Yana da laifinsa, ba zan rufa masa asiri ba. Ɓarawon ƙwan zabi ne. In zabuwa ta yi ƙwai a cikin kara, shi ke riga kowa sani, kuma in ya sha sai ya bi ta bayan gida ya dawo yana sunkuyar da kai tun kafin a tuhume shi. Yana kuma tona rami a inda ruwan alwala ke zuba, ya kwanta cikin danshin, a cike ramin yau gobe ya sake tonawa. Amma shi ne wata rana a gona ya tsaya gaban tarin karan dawa yana haushi ya ƙi matsawa, ya hana jikan Kawu kai hannu. Da aka ɗaga karan da sanda, kububuwa ce a naɗe.

Bara Kawu ya kwanta asibiti kwana tara. Duk kwanakin nan Ba-ruwanka a bakin hanya ya tare, inda babur ke ɓullowa, abincin ma sai an kai masa can. Mutanen Japan suna da irinsa, Hachiko, wanda ubangidansa ya mutu a 1925 amma ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiransa har shi ma ya mutu a 1935. Su mutum-mutumi suka kafa wa nasu a bakin tashar. Namu hoge ya samu.

2. Me littattafan zaure suka ce?

Da ka ɗaga zancen nan za a ce maka kare najasa ne, a rufe magana. To mu buɗe littattafan da muka durƙusa a gabansu. Mu nan ƙasar Hausa mazhabar Imamu Malik muka gada, kuma ƙa'idarta a wannan babi sananniya ce ga duk wanda ya yi nisa a fiƙihu har ya kai Muhtasar: kowane mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, kuma ba a cire kare daga ciki ba. Umarnin wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallage a ciki, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bauta da bin umarni, ba don jikinsa najasa ne ba. Hujjarsu kuwa a fili take: aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halasta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, alhali da baki take kamowa. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Amma ko a wurinsu, najasa hukuncin wanki ce. Babu mazhabar da ta ce abin da yake najasa a jefe shi. Kashin jaki ma ba mu ga ana bin jaki da duwatsu saboda shi ba.

Kada kuma a ce na ɓoye rabin karatu. Hadisai ingantattu sun nuna wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Risala ma ta taƙaita ajiye shi ga waɗannan buƙatu. Saboda haka ni ba ina kira a kwana da kare a gado ɗaya ba ne, ko a riƙa sumbatarsa ana ɗinka masa riga kamar yadda muke gani a finafinan Turawa. Iyakar da Inna ta ja da muciya ta yi daidai.

Sai dai akwai labarin da masu sharhin Risala suka kawo game da mai littafin kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya karhanta haka. Ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Duk wanda aka taɓa kwance wa ragon layya ya san abin da Shehin yake nufi. Risalar nan kuma ita ce ta ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, sai ya biya ƙimarsa. Abin da shari'a ta sa wa ƙima, ta yaya ya zama abin wasan yara?

Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya tarar da kare yana lasar ƙasa don ƙishi. Ya koma ciki ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. A wata ruwayar mace ce mai zaman kanta, ita ma shayar da kare ya zame mata sanadin gafara. In akwai garin da ya kamata wannan hadisi ya ratsa, Daura ce. Tarihinmu kaf daga bakin rijiya ya faro. Kowane yaro a garin nan ya san Kusugu, ya san macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Mutanen da labarin kakanninsu na ƙishirwa ne, bai dace a ce kare na haki a ƙofar gidansu cikin zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, kaskonsa a bushe ba. Kare ba ya zufa irin tamu. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, harshe waje, don haka ruwa a wurinsa ba alfarma ba ce.

Kowace Juma'a kuma muna karanta Suratul Kahfi, inda aka ambaci karen samarin nan a bakin kogo, aka ma faɗi yadda ya kwanta, aka kuma riƙa lissafa shi tare da su. Malaman da can ba su ji kunyar zancen ba. Wani malamin Bagadaza, Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a 921 Miladiyya, littafi guda ya rubuta yana fifita karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi. Ban ce na bi shi har can ba, ko da yake akwai ranakun da in na saurari labarai nakan ji kamar ya yi sassauci.

3. Bakinmu ya tona mu

Saurari Hausarmu ka ji. In za mu ci mutuncin mutum, ɗan kare ne. Yaron da ke wahala a bayan babbar mota, karen mota. Matashin da ɗan siyasa ya ba ƙwaya da gora, karen farauta, wanda wannan ma cin zarafin karnukan farauta ne, don su ba sa cizon 'yan gidansu. Mai hassadar da ba ta da tasiri mu ce masa kare ka mutu da haushin kura. Amma in magana ta zo kan iyawa, sai ga mu muna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Mun san gwaninta tasa ce, yabon ne ba ma so ya ji.

Karin maganar da ta fi kama mu ita ce wadda aka ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Muna faɗinta muna dariya, muna nufin kwaɗayinsa. Ni kuwa ƙorafin ma'aikaci nake ji a ciki, wanda ya saba ganin ana shagali a gidan da yake tsaro ba a tuna da shi. Dubi doki a garin nan. Yana da barga, da harawa, da dawa, da kanwa, da mai yi masa wanka, don hawan da bai wuce 'yan kwanaki a shekara ba. Ban ƙi ba, doki darajar Daura ne. Kyanwa kuwa ta sha madara ta hau gado. Shi mai aikin dare bakwai a mako, sai abin da ya tona a juji.

4. Ma'aikaci ba albashi

Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Talakan da ke da awaki biyar da babur ɗaya da farantin sola a kan rufi ba shi da abin ɗaukar mai gadi, ko da rabin wannan kuɗi. Wanda yake da shi kare ne, mai jin motsin da kunnen mutum ba ya ji, mai shaƙo baƙo tun yana bayan katanga, wanda ba a haɗa baki da shi, ba ya kuma neman izinin zuwa biki. Masarautar Daura Allah Ya rufa mata asiri daga irin masifar 'yan bindigar da ta addabi yamma da kudancin jihar Katsina, amma ɓarayin dabbobi da na babura ba su tafi hutu ba. A ƙauyuka da rugage, daga Baure har Mai'aduwa, ƙararrawar farko haushi ce.

Mutum biyu ne a ƙasar Hausa suka san darajar kare: mafarauci da makiyayi. Je ka ga 'yan farauta da rani bayan an kawar da amfanin gona, yadda kowa ke kiran nasa da suna, yana yi masa kirari, in ƙaya ta soke shi ya durƙusa ya cire, in ya gaji ya saɓo shi a kafaɗa. Maƙwabtanmu Buzaye sun fi mu nisa a nan. Karensu na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, dogo siriri mai gudun barewa, yau Turawa ke kiwonsa suna alfahari da shi, har babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin nau'o'inta a 2019. Namu na gida ɗan'uwansa ne a ƙira da juriya, ba mu dai ɗauke shi bakin komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen da wasu ke yi wa nasu. Kare ya yi shekara takwas yana gadi, haƙora sun zube, sai a ji masu saye sun shigo gari, a sa masa igiya a miƙa. Daga nan sai keji a bayan mota, sai kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, inda ake tara karnuka daga arewa ana wucewa da su wuraren da ake cin namansu. Ba ni da faɗa da masu ci, kowa da abincin garinsu. Faɗana da ubangidan da ya karɓi kuɗin ne, ya koma gida ya yi barci.

5. Masu tsoro suna da gaskiyarsu

Dattijon nan da ya riƙa tare Kawu ba shi da laifi gaba ɗaya. Akwai abin tsoro a kare, kuma sunansa ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Kusan 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in mai hogen nan. Ciwo ne mai yaudara. Rauni ya warke, a manta, bayan wata biyu ko uku mutum ya fara zazzaɓi, ya koma firgita in ya ga ruwa. In alamun nan suka bayyana, sai dai addu'a.

Amma kafin su bayyana akwai magani, kuma ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, a yi ta wankewa har minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar don allura. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ɗaure da tsumma a ce a ga abin da hali zai yi. Karen kuma in na gida ne, a tsare shi a sa masa ido kwana 10 maimakon a taru a kashe shi, don halin da ya shiga cikin kwanakin nan zai taimaka wa likita.

To wa ke da laifin yaɗuwar ciwon? Masana sun nuna in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na yanki rigakafi, cutar takan yanke. Allurar kuwa a ƙasar nan ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wadda ke nan tun 1924. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Mutum zai kai sa da rago wurin likitan dabbobi don akwai kuɗi a jikinsu, amma bai taɓa tunanin kai kare ba. Karya ta haihu shida a kango bayan cikin wata biyu, a kwashe 'ya'yan a zubar a bayan gari, waɗanda suka rayu su zama karnukan juji marasa ubangida. Su ne ke bin masu zuwa sallar asuba. Mu muka yi su.

Akwai kuma sabon salo na masu hannu da shuni. A sayo ƙaton kare irin na 'yan sanda da kuɗi masu yawa, a kulle shi a kejin kwano cikin rana, a hana shi abinci wai don ya yi zafi. Zafin yakan yi, amma ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabcin da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Karen da aka azabtar da yunwa ko da jifa shi ne mai cizo. Ba-ruwanka bai taɓa cizon kowa ba, amma in yara suka ci gaba da gwada hannu a haƙarƙarinsa, ranar da ya rama za a ce ga shi nan, dama mun faɗa.

6. Kasko, allura da huɗuba ɗaya

Kawu bai daki yaron nan ba. Buta ya miƙa masa ya ce, "Je ka cika masa kaskonsa, ka tsaya har ya sha." Yaro ya tafi yana ɗari-ɗari, 'yan'uwansa na dariya. Ba-ruwanka ya fito daga bayan amalanke, ya dubi yaro, ya dubi Kawu, sannan ya sa baki.

Wanda ba ya son kare, ba dole, kada ya ajiye. Ya dai hana ɗansa jifa. Wanda ya ajiye kuma ya sani amana ya ɗauka: ruwa, abinci, inuwa, a cire masa kaska, a hana shi yawon gari da dare, a kai shi allura.

Ga sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, kowace 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take so a daina mutuwa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fito da allurar inda jama'a suke, a kafa rumfa a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, a bi ta hannun Sarkin Dawa da ardo-ardo da masu unguwanni, su suka san gidan da ke da kare. Malamanmu na allo da limaman Juma'a kuma, Allah Ya gafarta muku, hadisin mai huffi yana cikin littattafanku. Huɗuba ɗaya a shekara ba ta yi yawa ba.

Shi dai Ba-ruwanka an yi masa tasa allurar bana. Katin yana cikin aljihun Kawu, a leda ɗaya da katin zaɓensa.